Ɗana, ga abin da zan ce kan manhajar taka

Mahaifinka ya ba ni labarin aikin da ka sa a gaba, kai ma ka ƙara mini bayani a waya. Kana so ka gina manhajar da za ta riƙa bin bidiyoyin tafiye-tafiye da samarinmu na Gwarzo da Kabo ke ɗorawa a YouTube da Facebook da TikTok, ta gaya wa mai bidiyo dalilin da ya sa na kasuwar Getso ya karɓu, na madatsar ruwan Guzuguzu kuma ya kwanta ba mai waiwayarsa. Na ji daɗi ƙwarai da ba ka zauna jiran takardar ɗaukar aiki ba. Na ƙara jin daɗi da ya zama aikin awo ka zaɓa, domin da shi na ci abinci tun ina saurayi, lokacin da muke bin gonaki da igiya da sikeli muna ƙididdige abin da kadada ke bayarwa. Kayan aikin sun sauya, amma ramukan da mai ƙidaya ke faɗawa suna nan inda suke, shi ya sa na ga ya kamata in zauna in rubuto maka.

Kada wani ya ce maka sha'anin tafiya baƙo ne a wajenmu. Mutumin Kabo ne, marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa Kabo Air a 1980, jiragensa suka yi shekaru suna jigilar alhazai zuwa ƙasa mai tsarki, sunan garin na rubuce a jikinsu. Ba da labarin tafiya ma mun gada. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi don wanda bai je ba ya san abin da ke can. Yaron da ke zaune a gidan gaba na mota riƙe da waya, tun daga Kabuga, ta Janguza da Rimin Gado da Garo har Gwarzo, yana nuna hanya yana bayani, wannan aikin yake ci gaba da shi. Don haka ka ɗauki waɗanda za ka auna da daraja.

Ka fara da tambayar da masu gaggawa ke tsallakewa: me ake ƙirgawa? Ka san mai sayen hatsi da ya iya aikinsa ba ya haɗa tiya goma ta wannan kasuwa da goma ta waccan ya ce ashirin, sai ya fara ganin girman kwanon kowacce. To, lambar da ke ƙarƙashin bidiyo haka take. TikTok na ƙirga kallo da zarar bidiyo ya fara motsi, ko da ɗan yatsa ya ture shi nan take. Facebook ya daɗe yana ƙirga wanda ya tsaya daƙiƙa 3. YouTube na tace nasa, yana iya rage lambar bayan kwanaki idan ya gano na'ura ce ta yi kallon. Ko a cikin YouTube ɗin ma kwanon ya sauya: daga 31 ga Maris 2025, gajerun bidiyoyinsa na Shorts ana ƙirga su ne da zarar sun fara, alhali kafin ranar sai mutum ya ɗan tsaya. Duk manhajar da ta jera alkaluman Fabrairu da na Afrilu na 2025 ba tare da ta san haka ba, za ta taya mai tasha murnar ci gaban da bai yi ba. Kada ka taɓa tara kallon dandali uku a gida ɗaya. Kowanne ka ba shi nasa layin, ka rubuta a gefe yadda aka ƙirga shi da ranar da ƙa'idar ta fara aiki.

Kuma kada girman kamfani ya sa ka sallama. A 2016 Facebook ya amsa cewa ya yi kimanin shekara biyu yana kumbura lissafin tsawon lokacin da ake kallon bidiyo, saboda wajen rabawa yana cire duk waɗanda ba su kai daƙiƙa 3 ba. Masu talla suka kai ƙara, aka sasanta a 2019 kan dala miliyan 40. Kuskuren bai wuce na lambar da aka sa a ƙasa wajen rabawa ba, irin wanda malamin lissafi ke gyara wa ɗan aji shida. Idan injiniyoyin da ke da duk kayan duniya sun yi shi, kai da ke aiki da kwamfuta ɗaya da batirin sola sai ka riƙa duba naka sau biyu.

Game da inda za ka samo alkaluman, ƙofa biyu YouTube ya buɗe wa masu gina manhaja. Ta farko, YouTube Data API, ta kowa ce: tana ba ka sunan bidiyo, tsawonsa, ranar ɗora shi, yawan kallo, yawan masu so, da tsokacin jama'a. Yawan masu ƙi kuwa an ɓoye shi tun ƙarshen 2021. Ana ba ka maki 10,000 a rana kyauta. Bincike ɗaya na cin 100, wato bincike 100 kacal ka gama na ranar, amma tambayar alkaluman bidiyon da ka riga ka san lambarsa na cin maki 1, kuma kana iya jera 50 a tambaya guda. Ka ga hikimar a fili take: ka nemo tashoshin sau ɗaya, ka ajiye lambobin bidiyoyinsu, kullum da dare manhaja ta je ta ɗauko sabon adadi a lokaci ɗaya. Wannan ƙofar adadin yau kawai take faɗa, ba ta faɗin na jiya, saboda haka daren da ka tsallake ya tafi ke nan.

Ƙofa ta biyu, YouTube Analytics, ita ce mai tsoka, kuma ba ta buɗuwa sai da yardar mai tasha. A nan ake ganin mintunan da aka kalla, ƙasar mai kallo, hanyar da ya biyo ya iso, da daidai inda ya tashi ya bar bidiyon. Ina ba ka shawara ka gina aikinka a kan wannan. Ka je wurin masu tashoshin da ƙafarka, ka yi sallama, ka yi musu bayani. Kada ka karɓi lambar sirrin kowa, ko da shi ya miƙo maka don yarda. Akwai shafin Google da mutum zai danna ya ba manhajarka izinin karantawa kawai, ya kuma janye ranar da ya ga dama. Ka zauna ka karanta ƙa'idojin kamfanin daga farko har ƙarshe, domin sun hana ajiye bayanan da aka ɗebo ba da izinin mai tasha ba fiye da kwana 30 ba tare da sabuntawa ko gogewa ba, kuma suna da tsauri kan ƙirƙiro sabbin ma'aunai daga cikinsu. Za ka ji abokai na cewa ka rubuta abin da zai riƙa kwasar shafuka ta bayan gida. Ka bar wannan hanya, ƙarshenta a toshe ka ranar da mutane suka fara dogara da kai. Ko ƙofofin halal ɗin ma ba su da tabbas: Twitter ya rufe tasa ta kyauta a 2023, Meta ya kashe CrowdTangle a Agusta 2024 bayan 'yan jarida da masu bincike sun shekara da shekaru suna aiki da shi. Abin da mai tasha ya sauke da hannunsa ya ba ka amana, shi ne ba wanda zai ƙwace da safe.

Yanzu bari in daɗe a kan abin da nake ganin shi ne zuciyar aikin. A cikin alkaluman mai tasha akwai wani zane mai nuna yawan waɗanda suka rage a kowane mataki na bidiyo. YouTube na raba kowane bidiyo gida 100, don haka a na minti 12 kowane gida ya ɗan haura daƙiƙa 7. Layin na farowa daga sama ta hagu, ya faɗo da ƙarfi a daƙiƙa 30 na farko, sannan ya ci gaba da gangara a hankali. Wani wuri za ka ga ya yi rami, mutane sun tsallake. Wani wuri ya yi tozo, mutane sun koma baya sun sake kallo. Kamfanin na iya nuna maka cewa akwai tozo a minti na 7, amma bai san a nan ne dillali ya kama ƙahon rago ya buɗe bakinsa ya faɗi kuɗinsa ba. Bai san ramin minti na 3 shi ne inda mota ke gudu a kwalta, iska na kaɗa makirfo, ba a jin komai ba. Wannan sanin naka ne, kuma shi kaɗai ne abin da manhajarka za ta fi ta Amurka da shi.

Saboda haka kafin ka rubuta layi ɗaya na umarnin kwamfuta, ka zauna da littafi da biro ka kalli bidiyo 30 daga farko har ƙarshe. Kowane yanki ka yi masa alama: nan sallama ce, nan tasha da cinikin kuɗin mota, nan hanya, nan kasuwa, nan an faɗi farashi, nan hira da dattijon gari, nan abinci, nan roƙon a bi tasha. Ka rubuta ko da tsakar rana aka ɗauka, ko murya na fita, ko an faɗi sunan garin da baki. Sai ka ɗora waɗannan alamomi a kan zanen. A zatona za ka tarar mutanenmu ba don shaƙatawa kawai suke kallon tafiya ba. Baturen da ke kallon tsibiri yana mafarkin hutu ne. Namu sau da yawa yana son sanin nawa ake shiga mota, ina kwalta ta fashe, nawa buhun masara ya kwana, ina baƙo zai sauka, ko kuma yana Legas ko Jidda yana kewar gida. Amma zato na ce, kuma aikin manhajar shi ne ta gaskata ni ko ta ƙaryata ni.

Akwai abu ɗaya da na tabbata zanen zai nuna, ina so ka yi hattara da yadda za ka fassara shi. Zai nuna ana guduwa lokacin doguwar gaisuwa. Mai gaggawa zai sa manhaja ta ce a daina sallama. Kada ka yi haka. Mutumin da ya shiga gari ba sallama ba ya samun bakin dattawa, kuma mai kallon da ya tsaya har ƙarshe sau da yawa ladabin ne ya tsayar da shi. Shawarar da ta dace ita ce a yi sallamar kyamara na nuna inda aka dosa, a faɗi sunan garin da abin da za a gani tun a numfashin farko, a ajiye jerin gaishe-gaishen 'yan uwa da abokan arziki zuwa ƙarshe. Lamba na nuna inda ciwo yake, maganin kuwa sai wanda ya san mutanen.

Sai lissafin kansa. A ce yaro na da bidiyo 10, tara kowanne an kalle shi sau 400, ɗaya ya tashi ya kai 100,000. In ka tara ka raba, za ka ce masa kowane bidiyonsa na samun 10,360, alhali gobe in ya ɗora sabo 400 zai gani, ya karaya, ya ce asiri aka yi masa. Ka jera su daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya, shi ne gaskiyar tasharsa. Kada ka gwada bidiyon bara da na makon jiya. Ka gwada abin da kowanne ya samu a kwana 7 na farko, sannan a kwana 28. Haka yawan masu danna hoton bango: YouTube da kansa ya ce rabin tashoshi suna tsakanin 2 zuwa 10 cikin 100, kuma adadin yakan sauka idan aka fara nuna bidiyo ga baƙin da ba su san mai shi ba. Wato saukarsa wani lokaci albishir ne. Idan kuma bidiyoyin sun yi kaɗan, ka koya wa manhajar ta ce sun yi kaɗan, ba za a yanke hukunci ba tukuna. Na san masu saye sun fi son amsa mai kauri, amma wanda ya gaya wa mutum gaskiya sau uku ya same shi har abada.

Ka kuma ba ta kalandar da muke rayuwa da ita. Bidiyon kasuwar dabbobi da aka ɗora saura mako biyu Babbar Salla ba gwanintar mai ɗauka kaɗai ta tashe shi ba, kowa na neman kuɗin rago a lokacin. Watannin Musulunci na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka manhajar da ta san Yuni da Yuli kawai za ta ruɗe. Ka sa mata kwanan wata na Hijira a gefen na Bature. Ka sa mata azumi, da lokacin tashin alhazai, da damina da kaka, da ranakun kasuwanni. Ka bar wani gida na abubuwan da suka faru. A Satumba 2021 an katse layukan waya a Zamfara, aka bi da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Malumfashi da muke shiga ta Dayi. A Janairu 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Duk tashar da masu kallonta talakawan karkara ne za ta ji irin waɗannan a jikinta, kuma zalunci ne a ce wa mai ita aikinsa ne ya lalace.

Wani babban kaso na kallon ma ba zai taɓa shiga kwamfutarka ba. Ka tsaya a teburin mai shayi bayan isha'i: waya ɗaya jingine da gwangwanin madara, mutum takwas sun sunkuya a kanta, ɗaya na cewa a mayar baya ya ga ko shagon ƙaninsa ne aka wuce. A lissafin kamfani mutum ɗaya ne ya kalla. Ga masu turi a shagunan caji, da ke sauke bidiyo sau ɗaya su zuba wa mutum ɗari a katin waya. Ga Xender, ga zaurukan WhatsApp na 'yan gari mazauna kudu. Matan aure da yawa ta nan abin ke isa gare su. Ba ka da na'urar da za ta ƙirga wannan, amma kana da baki. Ka tambayi masu turi na Gwarzo da Kabo wanne ake yawan nema. Ka sa wa mai tasha gurbi a manhajar da zai rubuta abin da ya biyo bayan bidiyo: mutum nawa suka kira, wa ya tare shi a hanya ya ce ya gani, ko wani baƙo ya zo kasuwar saboda shi, ko an gyara kwalbatin da ya nuna. Ba cikakken awo ba ne, amma gara shi da a ɗauka babu.

Tsokacin masu kallo kuma, kada ka miƙa shi ga kayan da aka horar da Turanci ka zauna jiran sakamako. Mutanenmu na rubuta ƙasa da kasa da qasa, su rubuta zan da xan, su cakuɗa da Turanci ko Faransanci ko Larabci gwargwadon inda suke zaune. Akwai aikin da za ka tsaya a kansa: a 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa sun fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowane harshe, Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka, waɗanda mutane suka yi wa alamar yabo ko suka ko tsaka-tsaki, kuma kyauta ne. Jami'ar tana kan hanyarka ta zuwa birni, ka nemi masu wannan fanni ka gaishe su. Sai dai rabon yabo da suka bai ishe ka ba. Wanda ya rubuta “Allah sarki garinmu” ba yabo yake ba, ba suka ba, kewa ce. Ni da zan raba, da na ware tambaya, da gyara, da kewa, da addu'a, da zagi. Biyun farko su ne dukiya. Mutum ashirin da suka tambayi kuɗin mota sun riga sun faɗa wa mai tasha bidiyon da zai yi gaba, wanda kuma ya ce ba sunan ƙauyen ke nan ba ya yi masa gatan da kuɗi ba ya saya.

Na san yaran za su fara tambayarka kuɗi, kuma suna da gaskiya, mai da data ba kyauta ba ne. Ka faɗa musu yadda abin yake. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da tasha, sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallon Shorts miliyan 10 cikin kwana 90. Awa 4,000 minti 240,000 ne. Idan kowa na tsayawa minti 3, ana bukatar kallo 80,000, idan ana tsayawa minti 6 rabin haka ya isa. Ka nuna musu wannan lissafin a allo, zai fi musu wa'azi goma a kan inganta aiki. A dogon bidiyo mai tasha na samun 55 cikin 100 na kuɗin tallan, kuma abin da talla ke biya ya danganta da ƙasar da mai kallo yake. Na Ingila ko Amurka ya fi na Nijeriya ko Nijar tsada nesa ba kusa ba.

Daga nan ne hankalina ba ya kwanciya, ɗana, kuma don wannan batun na ɗauki alƙalami. Manhajarka in ta yi aiki daidai, za ta gano abin da kowa ya sani a ɓoye: hatsarin mota na jawo ido, haka fuskar almajiri da ƙoƙo, haka tsohuwa a rusasshen ɗaki, haka take mai firgitarwa da ke cewa an shiga gari mafi haɗari. Za ta gano cewa nuna talaucinmu da Turanci ga mutanen waje ya fi kawo dala a kan nuna kasuwarmu da Hausa ga 'yan uwanmu. Wannan gaskiya ce, ban ce ka ɓoye ta ba. Amma abin da ka ɗora a saman allo da manyan baƙaƙe, shi yaran za su bi, ko ka ce su bi ko ba ka ce ba. YouTube ma ya ga haka: a 2012 ya mayar da fifikonsa daga yawan dannawa zuwa tsawon kallo, domin masu take na yaudara sun cika wurin. Kai ma zaɓi ne a hannunka. Ka sa a sama yawan waɗanda suka kai ƙarshe, da waɗanda suka dawo kallon na gaba, da tambayoyin da aka amsa. Ka sa gurbin da ke tambaya ko an nemi izinin wanda aka ɗauka, ko taken ya dace da abin da ke ciki. Bidiyon da ya tashi ta hanyar tozarta wani, manhajar ta nuna adadinsa yadda yake, amma kada ta jera shi cikin abin koyi. Mutanen da ke cikin waɗannan hotuna iyayen wasu ne, kuma gobe a masallaci ɗaya za ku haɗu.

Haka batun tsaro. Muna bakin iyaka da Katsina, ka san halin da ake ciki. Bidiyon da ya nuna garken wani da hanyar shiga rugarsa, ko gidan mai hali, ko lokacin da motocin 'yan kasuwa ke tashi da kuɗi, ba masoya kaɗai ke kallonsa ba. Ka sa manhajar ta riƙa tunatar da mai tasha kafin ya ɗora, ta kuma ba shi shawarar ya bari sai ya baro wuri. Kai ma abin da ka tara amana ne. Tun Yuni 2023 Nijeriya na da dokar kare bayanan mutane, kuma ko babu doka, ba ka da bukatar sunayen masu tsokaci. Ka mayar da su lambobi, ka ajiye maganar kawai. Alkaluman kuɗin wani kada su je kunnen wani, ko da abokinsa ne na ƙut da ƙut.

Siffar abin kuwa, ka sauƙaƙa. Masu amfani da shi waya ce a hannunsu, data kuma a ƙirge take. Ka fara da Google Sheets da ɗan gajeren umarni na Python mai tashi da dare, ya isa shekarar farko. Rahoton ya zama da Hausa, jimla uku ko huɗu da zane ɗaya, a tura ta WhatsApp duk mako: ga inda aka fi tsayawa, ga inda aka gudu, ga tambayar da aka fi yi, ga abu ɗaya da za ka gwada a bidiyo na gaba. Abu ɗaya na ce, domin in ya sauya take da hoto da tsawo a lokaci guda, ba wanda zai san wanne ya yi aiki. Wanda karatu ke yi wa nauyi, ka tura masa da murya.

Wanda zai biya ka, ba na jin yaran ne, aƙalla ba yanzu ba. Ka duba wajen masu ba su talla: kamfanonin Hajji da Umara, masu motocin haya, dillalan hatsi da dabbobi, masu masauki a birni. Waɗannan suna ba da kuɗi a kan yawan mabiya, alhali mabiya ana sayensu, kuma ba su da mai gaya musu ko mutanen da suke nema ne ke kallo. Idan aka san cewa rahotonka ba ya ƙari don mai tasha abokinka ne, ba ya ragi don mai talla ya fi kuɗi, ɓangarorin biyu za su neme ka. Ka rubuta ƙa'idar aikinka a takarda ɗaya tun yanzu, ka ba kowane mai tasha kwafi kafin ya danna izini, ka kuma fara da tashoshi biyar da ka san masu su ido da ido. In ka haɗa takardar, ka aiko mini in karanta kafin ka raba.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka da ƙannenka. Allah ya yi maka albarka, ya sa a gama lafiya.

Baffanka.